Da Wane Suna Za Mu Kira Yaron Ga?

Duk shekara idan 2 ga watan Afrilu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 domin masu lalurar da likitoci ke kira otizim, masu karanta labarai da Hausa sukan shiga laluben sunan da za su ba wannan lalura. Akasarinsu kan tsaya a kan kalma guda, galahanga. Kwana goma sha biyu kafin nan, ranar 21 ga Maris, an yi ranar masu lalurar Down, kuma galahangar ce dai aka faɗa. Idan aka zo batun jaririn da ƙwaƙwalwarsa ta ji rauni wajen haihuwa har wuyansa ya kasa tsayuwa, nan ma galahanga. Manomin da ke sauraro a fadamar Kebbe, ko tela a bakin kasuwar Dogon Daji, hoto ɗaya kalmar ke kawo masa: yaro langaɓaɓɓe, miyau na dalala, baki a sake, ana ɗauke da shi a baya duk da ya wuce shekarun goyo. Sai ya ce Allah sarki, Allah ya ba iyayensa haƙuri, ya ci gaba da aikinsa.

Alhali abubuwa uku ne da ba su haɗa hanya ba. Lalurar Down a cikin halitta take tun ranar da aka ɗauki cikin yaron: ƙunshin gado na 21, wanda ya kamata ya zo biyu, shi ya zo uku. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya siffanta kamanninta a 1866, aka gano musabbabinta a Faransa a 1959. Yaran kan yi jinkirin zama da tafiya da magana, da yawansu kan zo da matsalar zuciya, amma suna koyo, suna aiki, suna da son mutane. Ta biyun, wadda ke shanye gaɓɓai, rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa kafin haihuwa, ko lokacinta, ko jim kaɗan bayanta. Jiki kan ƙi bin umarni, amma sau da yawa hankalin da ke ciki garau yake, yaron yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Shi kuwa mai otizim, ƙafarsa lafiya lau, yana iya tsere wa sa'o'insa a guje. Bambancinsa a wajen mu'amala yake: a kira sunansa ya ƙi waiwayowa, ya kauce wa haɗa ido, ya nace wa abu guda yana maimaitawa, ƙarar injin niƙa ta sa ya toshe kunne yana kururuwa. Wani ba zai yi magana ba har girmansa, wani kuma zai kammala jami'a. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari haka yake.

To uwar irin wannan yaro a Sanyinna, idan ta ji ana bayanin galahanga a rediyo, ba za ta taɓa kawowa da ɗanta ake ba. Nata ɗan ai yana hawa katanga. Sunayen da ya samu a gida daban ne. Kakarsa ta ce miskili ne, irin kakansa. Baffansa ya ce rashin bugu ne. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Ke Gwaggo, yaron ga ba banza ba, akwai iska tare da shi." Kowane suna kuwa da inda yake nuna wa iyaye su nufa. Miskili a ƙyale shi. Marar ji a nemo tsumagiya. Mai iska a tafi gidan mai ruƙiyya ko gidan boka. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a wannan fage maganar ta wuce karin magana, domin yaron da aka sa wa sunan yakan yi shekaru yana tafiya inda sunan ya ja shi. Shi ya sa idan na ji wata kalma daga cikin waɗannan, ba daɗinta a kunne nake fara dubawa ba. Ina duba ƙofar da take kai yaron, da wanda take ɗora wa laifi.

A wannan ma'auni, farfaɗiya kalma ce mai kyau, kuma ina ganin ya dace mu yaba wa waɗanda suka bar mana ita. Abin da ido ya gani ta faɗa: mutum yana faɗuwa, yana sake faɗuwa. Ba ta ce aljani ne ya kayar da shi ba, ba ta ce kishiyar uwa ce ta yi masa jifa ba. Haka sanƙarau, wuya ne ya sanƙare. Haka in'ina, haka jijjiga da taune-taune da uwaye ke faɗa idan zazzaɓi ya yi wa yaro zafi har ya fara fizge-fizge yana tauna haƙora. Waɗannan sunaye sun tsaya iyakar saninsu, suka bar wa mai bincike fili. Likita zai iya karɓar kalmar farfaɗiya yadda take ya ɗora bayaninsa a kai: ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki take aika saƙo, wani lokaci lantarkin kan ɓarke gaba ɗaya kamar na daƙiƙu ko mintoci, sannan ya lafa. Babu abin da zai rushe a cikin kalmar kafin ya gina.

Kayan da muka rataya mata daga baya su ne masifar. Har yau idan mutum ya faɗi a tashar Tambuwal, za ka ga an yi da'ira an ja da baya, wani na cewa kada a taɓa kumfar bakinsa, wai ana ɗauka. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau, ba a ɗauka ta numfashi, ba a ɗauka ta cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya yi ƙarfin halin matsowa kuma sai ya nemi cusa masa cokali a baki, ya karya masa haƙori a banza, alhali abin da ake bukata shi ne a janye wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ya kwanta ta gefe, a tsaya tare da shi har ya farfaɗo, in abin ya haura minti biyar a nemi asibiti. Matan da ke da wannan lalura, da yawansu za ka gan su da tabon ƙuna a hannu ko a ƙafa, domin a bakin murhu abin ya same su babu kowa kusa. Sannan ga babban kaya, wato haɗa farfaɗiya da hauka. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ake karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a kowane zaure, inda aka lissafa hauka cikin aibobin da ke ba da zaɓin warware aure. Da zarar unguwa ta ce wance "tana da taɓi", maneman sun watse, har ƙannenta sai abin ya shafa. Saboda haka iyaye ke ɓoyewa. Su cire ta daga makaranta, su hana ta zuwa biki, su ce wa baƙi ba ta jin daɗi ne kawai. Ciwon da ake ɓoyewa kuwa ba ya zuwa gaban likita.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, muna da labarin da ya isa ya hana mu wannan ɓoyo, kuma almajirai sun san shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abi Rabah wata baƙar mace, ya ce masa 'yar Aljanna ce. Ita ce ta je wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta faɗa masa tana faɗuwa kuma jikinta kan buɗe, ta nemi addu'a. Malamai kan ja hankali a kan haƙurin da ta zaɓa, kuma gaskiyarsu. Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne da ƙafarta ta je, da bakinta ta ambaci ciwonta a gaban mutane, ba wanda ya ja da baya, kuma abin da ta nace a roƙa mata shi ne sutura. Mutuncinta ta fi damuwa da shi. Ibn Ƙayyim ma, a Zadul Ma'ad, da ya zo wannan babi ya kasa faɗuwa gida biyu, ya ce akwai wadda daga jiki take, kuma wannan aikin likitoci ce. Mu da muke zaune a Tambuwal, ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, a daular da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, bai kamata a ce tofi da ƙwayar asibiti sun zama kishiyoyi a gidajenmu ba. A yi addu'a, a sha magani. Abin da ba shi da mazauni a addini ko a hankali shi ne a tsare yaro a ɗaki ana turnuƙe shi da hayaƙi, ana dukansa wai aljanin ake duka.

Mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobabiton, tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana cikin mafi araha. Sharaɗinsa a sha kullum ba fashi. Sai dai daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, ta Shagari da Boɗinga, daga ƙauyukan Kebbe kuwa ta fi haka, kafin a kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, gaba da birnin. Ga kuɗin mota, ga wani nauyin da ya fi kuɗin mota: a bakin jama'a "an kai shi Kware" zagi ne. Uban da zai iya sayar da tunkiya ya yi kuɗin hanya, sau da yawa wannan jimlar ce ke mayar da shi gida.

Akwai sunayen da ba su tsaya ga abin da ido ya gani ba, suka zarce suka faɗi wanda ya aikata. Shan inna na cikinsu. Inna a nan ita ce ta bori, wadda aka ce tana shanye ƙafar yaro. Da wannan suna aka shiga rigimar allurar rigakafi ta 2003, da shi aka fito, da shi masu ɗigon baki suka bi gida-gida shekara da shekaru, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa ƙwayar cutar ta daji ta ƙare a Afirka. Yau matashiyar uwa a Kuchi za ta ce an yi wa ɗanta rigakafin shan inna, ba tare da wata aljana ta faɗo mata a rai ba. Sunan ya zauna, camfin da ke cikinsa ya tsiyaye. Wannan ya nuna ba kowace tsohuwar kalma ce sai an kore ta ba. Wata idan aka daɗe ana faɗinta tare da bayani na gaskiya da magani a hannu, da kanta take wankuwa.

Ɗan ruwa ba ya cikin masu wankuwa. Ina faɗin haka da dukan zuciyata. Wannan suna ana ba shi yaron da ya shekara biyu, uku, bai zauna ba, jikinsa laƙwas, ko kansa ya girma fiye da kima. Abin da sunan ke cewa shi ne wannan ba ɗan mutum ba ne, musanya aka yi, uwar ta je rafi da tsakar rana ko ta yi wanka da almuru tana da ciki, mutanen ruwa suka ɗauke nata suka ajiye nasu. Daga nan sai labarin da kowa ya taɓa ji, na yaron da aka kai bakin gulbi aka ajiye, aka laɓe, wai ya rikiɗa ya zama maciji ya sulale cikin ruwa. Kullum labarin a bakin wanda ya ji daga wani yake. Amma aikin da yake yi a cikin gida na gaske ne. Yana ba dangin miji hujjar cewa wannan ba jininsu ba ne. Yana ɗora wa uwa laifin yawon da ba ta yi ba. Yana sa a ga ciyar da yaron da kai shi asibiti ɓarnar dukiya ce. Sauran sunaye suna rage wa mutum daraja, wannan kuwa fitar da shi yake yi daga cikin 'yan Adam ɗungurungum, kuma duk wanda aka fitar daga nan, an halatta a yi masa komai. Uwar da ke goye da irin wannan yaro shekara bakwai, tana tauna masa abinci, tana juya shi da dare kada bayansa ya yi gyambo, ta fi kowa sanin ɗan mutum ne, domin ta san kukansa na yunwa daban da na ciwo, ta san dariyar da yake yi idan ya ji muryar yayarsa ta dawo daga islamiyya.

Kuma masu musanya mana 'ya'ya ba a ɓoye suke ba, mun san su da sunayensu. Akwai doguwar naƙuda, mace ta kwana biyu a gida tana fama, kafin a samo mota jariri ya rasa iska. Akwai shawarar jarirai, ido da fata su yi ɗorawa a makon farko, a ce a bari a yi suna tukuna, alhali idan ta yi tsanani ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma haske na musamman a asibiti yana maganinta. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai da damina, yaro ya suma, ya tashi ba ji ko ba magana, wanda saboda shi ake rabon maganin kariya wata-wata ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Akwai sanƙarau na bazara. Sabon nau'insa da ake kira C a jihar Sakkwato ya fara ɓulla a 2013, ya shiga Kebbi a 2014, ya yi babbar ɓarna a 2017 daga Zamfara zuwa Sakkwato da Katsina, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin wannan ciwo kan tashi da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin koyo. A maƙwabtanmu na gabas, a ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a 2010, a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta. Da jijjiga yaran suka riƙa mutuwa. Waɗanda suka rayu da raunin ƙwaƙwalwa yanzu samari ne da 'yan mata, kuma ina fargabar sunan da ake kiransu da shi a kasuwa, ga waɗanda ba su san abin da ya faru ba, bai wuce dolo ba.

Dolo, gaɓo, soko, sakarai, wawa. Muna da arzikin irin waɗannan, kuma ba su siffanta komai, hukunci kawai suke yankewa. A makaranta babbansu shi ne daƙiƙi. Akwai yaron da zai kora shanu hamsin daji ya san kowace da kamanninta, ya lissafa canjin kuɗi da ka kafin mai shago ya taɓa na'ura, ya haddace abin da aka karanta masa sau biyu, amma baƙaƙe su riƙa rikice masa a allo ko a littafi. Likitoci na kiran wannan disleksiya, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Akwai wanda zama wuri ɗaya ke gagararsa, hankalinsa na tsalle daga abu zuwa abu, mu ce ƙiriniya ce ko rawar kai. A aji mai yara tamanin malami ba shi da lokacin tambayar dalili, sai ya ce, "Kai dai kanka ba ya ja." Yaron ya ɗauki maganar ya riƙe, ya kai ta har gidan aurensa. A nan makarantar allo tana da wata hikima da ba a cika yaba mata ba: kowane almajiri da allonsa, da inda ya tsaya, ba a wanke masa sai ya iya, ba a ce ya bi sawun na kusa da shi. Da za a ajiye bulala a riƙe wannan tsari, da ya fi dacewa da irin waɗannan yara fiye da jarrabawar ƙarshen zango.

Muna da sunaye masu taushi kuma, ba zan hana mana wannan ba. Bawan Allah. Miskini. "Ai wane ɗan Aljanna ne, ba a rubuta mishi zunubi." Tsohon da ya fara manta sunayen jikokinsa mukan ce gigin tsufa ne, a ci gaba da ba shi girmansa, ko da yake tsohuwar da ba ta da gata, idan ta fara sambatu da yawon dare, tana iya wayar gari an ce mata mayya. Sunaye masu taushi sun tsare mutane da yawa daga jifan yara, sun sa mai tuwo ta zuba musu ba ta karɓi kuɗi ba. Amma akwai rufe ƙofa a cikinsu. Wanda aka ce an ɗauke masa alƙalami, sai a ɗauke masa allo ma, a ɗauke masa koyon sana'a, a daina tambayarsa abin da yake so. Yarinyar da ake ce wa baiwar Allah, ranar da wani azzalumi ya cuce ta ta zo ta faɗa, sunan nan ne zai sa a ce ba a kama maganarta.

A Turai da Amurka, tun ƙarshen shekarun 1990, wata magana ta taso wadda ake danganta yaɗuwarta da Judy Singer, 'yar ƙasar Ostareliya, cewa ƙwaƙwalen mutane iri-iri ne kamar yadda halittu suke iri-iri, kuma wasu abubuwan da ake kira cuta bambancin ƙira ne kawai. Bahaushe ba baƙon wannan tunani ba ne, domin yana da bahago. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, daga ƙwaƙwalwa abin yake, ba ciwo ba ne. Mukan tilasta masa cin abinci da dama saboda ladabi, mukan ce bahaguwar fahimta idan an juya magana, amma a fagen dambe kowa ya san bahago abin tsoro ne, kuma akwai manyan mutane da ke amsa sunan da alfahari. Mai in'ina ma haka, Annabi Musa ya roƙi a warware masa ƙullin harshe kuma hakan bai hana shi manzanci ba. Ga mai otizim da mai wahalar karatu, wannan fahimta rahama ce: a daina neman a mayar da shi wani, a gyara aji da gida su karɓe shi. Sai dai ba zan yarda a shimfiɗa ta a kan kowa ba. Yaron da sanƙarau ya kurumtar a Kebbe saboda rigakafi bai iso ba, da wanda dalma ta lalata wa ƙwaƙwalwa, ba ƙirarsu ce ta zo haka ba, an yi musu ɓarna ce da za a iya hanawa. Idan muka kira wannan bambanci kawai, mun yafe wa hukuma bashin da ba mu da ikon yafewa. Mai farfaɗiya kuma magani yake so, ba yabo ba.

Abin da ya fi jan hankalina a maganar Singer ba ma'anarta ba ce, bakin da ta fito ne. Masu lalurar da iyalansu ne suka yi ta, suka yaɗa ta a tsakaninsu. A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare ma haka, kurame suna da maganar hannu da suke hira da ita a dandalinsu. Makaho zai ce maka "mu makafi" kansa a sama, domin sunan nasu ne, suna da jama'a a bayansa. Babu sarkin masu farfaɗiya. Babu dandalin iyayen yaran da ba su yi magana ba. Kowanne yana ƙuryar ɗakinsa, yana zaton shi kaɗai ne a garin. Shi ya sa duk sunayen da na lissafo, masu zafi da masu taushi, waɗansu ne suka raɗa su daga waje, suna kallo. Ko "masu buƙata ta musamman" da ta shigo bakin 'yan siyasa da ma'aikata, musamman bayan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019, daga ofis ta fito. Tana da ladabi, na yarda, kuma ta fi abin da ta maye. Amma ba ta gaya wa uwa ko mece ce bukatar, kuma idan aka zo rabon kekuna da buhunan shinkafa, wanda lalurarsa ba ta ganuwa a ƙafa ko a ido ba ya shiga layi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kawar da tsohuwar dokar 1958 wadda sunanta ma dokar mahaukata ne, amma mutanen Margai da Girkau ba su ji ta da harshensu ba.

Wasu ƙasashe sun zauna takanas sun sauya suna. A 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina kiran lalurar Down da sunan mutanen Mongoliya bayan ƙasar ta yi ƙorafi. Likitocin Koriya ta Kudu da masu ciwon sun ajiye tsohon sunan farfaɗiya da ya cika da ƙyama, suka ɗauki wanda ke nufin lalurar lantarkin ƙwaƙwalwa. Mu ma mun taɓa yi ba tare da mun lura ba. Ciwon da matasa ke ce wa kabari-kusa ya koma cuta mai karya garkuwar jiki, kuma yoyon fitsari, da yake suna ne da ya faɗi abin da ke faruwa ba tare da zargin kowa ba, ya taimaka wa mata suka fito suka nufi asibitin Maryam Abacha a Sakkwato aka yi musu aiki.

Aikin da ya rage a kan galahanga irin wannan ne, kuma masu yinsa suna kusa. Akwai masana Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai likitocin yara da na Kware, akwai malaman makarantar A. A. Raji da ke koyar da yara masu lalura a Sakkwato. Sai dai idan suka zauna su kaɗai, wani sunan ofis za su haifar. A zaman nan dole a sami matar da ta yi goyon shekara bakwai, da magidancin da ke shan ƙwayarsa kullum yana noma gonarsa a Jabo ba wanda ya sani, da saurayin da aka ce wa daƙiƙi ya zama babban makanike, a tambaye su wane suna ne idan an kira su da shi za su amsa. Kafin a kai ga haka, ma'aikaciyar asibitin karkara ba sai ta jira sabuwar kalma ba. Idan uwa ta shigo ta ce, "Malama, mi as samu ɗana?" tana iya ba ta amsa da jimloli: ƙwaƙwalwarsa ta ji rauni lokacin haihuwa, ba laifinki ba ne, ba ya yaɗuwa, yana jin ki kuma yana gane ki, ga yadda za ki zaunar da shi ki ba shi abinci kada ya shaƙe, ki dawo da shi wata mai zuwa mu ga wuyan.